Farin hayaƙi a salansa: kafin ka yarda a sauke injin Golf ɗinka

Wani ɗan'uwa direba mai jigila tsakanin Zariya da Funtuwa ya aiko mini da wannan tambaya: "Assalamu alaikum, Malam. Motata Golf 3 ce 'yar Kwatano, ƙirar 1996, mai shan fetur. Yau kusan wata guda ke nan tana fitar da farin hayaƙi ta salansa. Da safe ya fi yawa, kuma idan na tayar da ita sai ta yi ta rawa na ɗan lokaci kafin ta daidaita. Ko ta yi zafi hayaƙin ba ya ɗaukewa gaba ɗaya. Duk bayan kwana biyu sai na ƙara mata ruwa. Wata biyu da suka wuce ta taɓa yin zafi a hanya har allura ta kai ja. Wani makanike ya ce ringi ne, a sauke inji. Wani ya ce gasket ne. Wa zan bi?"

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, Allah ya tsare hanya, ya sa a gano matsalar cikin sauƙi. Kada ka bi ko ɗaya daga cikinsu tukuna, kuma kada ka yarda a kwance ƙusa ko ɗaya a jikin injin nan sai an nuna maka hujja da idonka. Daga yadda ka zayyana lamarin, zuciyata ta fi karkata ga wanda ya ce gasket, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin saman inji da gangar jikinsa, fiye da mai cewa ringi, wato zobban ƙarfe na jikin fistin masu hana mai hawa inda wuta take, zan kuma gaya maka dalili. Amma na daɗe a sana'ar nan, na ga injuna da yawa da aka farke saboda zato, aka mayar aka ɗaure, mai mota ya biya, hayaƙi kuma bai fasa fita ba. Abin yana damuna, don na san kuɗin da aka kashe gumin mutum ne. Gwaje-gwajen da za su raba gardamar nan ba su kai aikin yini ɗaya ba, rabinsu ma kai da kanka za ka yi su a ƙofar gida.

Duk hayaƙin da ka gani a salansa, wani abu ne mai ruwa-ruwa ya shiga inda wuta take, ya ƙone ko ya zama tururi. Abubuwan kuwa ƙidayayyu ne: ruwan lagireto, baƙin mai, man birki, man giya idan motar otomatik ce, sai fetur ɗin kansa idan bai ƙone daidai ba. Wanda yake fita ta salansa dole ne ya ragu a mazauninsa. Saboda haka gobe da asuba, motar tana tsaye a wuri mai daidai, kafin ka murɗa makulli, ka ja layi da biro a jikin tankin ruwa daidai inda ruwan ya tsaya. Ka zaro sandar auna baƙin mai ka ga inda ya kai, ka leƙa kwalbar man birki. Ka maimaita haka kullum da safe na kwana uku. Ruwan da kake ƙarawa ma ka riƙa ƙirgawa: idan ruwan leda ne, kowace leda rabin lita ce. Ka zo wa makanike da "lita ɗaya a kwana biyu, baƙin mai bai motsa ba", ka yi masa rabin aikin.

Akwai farin hayaƙin da ba ciwo ba ne, kuma ya kamata a cire shi daga lissafi tun da wuri. Litar fetur ɗaya idan ta ƙone tana haifar da ruwa kusan lita ɗaya. Mutane sukan yi mamaki idan na faɗi haka, amma haka abin yake: haidirojin da ke cikin man yana haɗuwa da iskar da injin ya shaƙa, sai su zama ruwa. Idan salansa ta yi zafi, ruwan nan yana fita ne ba a ganinsa. Da sanyin safiyar hunturu kuwa, a Disamba da Janairu, ƙarfen salansa yana da sanyi, sai tururin ya fito fili, kamar yadda kake ganin numfashinka idan ka fito sallar asuba. Har ruwa yakan ɗiga daga bakin salansar. Wannan cikin minti biyar zuwa goma yake ɗaukewa, kuma ruwan tanki ba ya raguwa. Naka ba ya ɗaukewa, ruwa kuma yana tafiya, don haka ba wannan ba ne.

Abu na biyu shi ne ka tabbatar fari ne da gaske. A nan ne ake yawan ruɗewa, domin a hasken ranarmu hayaƙin baƙin mai ma fari yake bayyana. Ka sa wani ya taka totur, kai kuma ka tsaya daga gefe ta yadda bango mai duhu ko inuwar bishiya za ta kasance a bayan hayaƙin. Tururin ruwa yana tashi sama ya watse nan da nan, taku uku ko huɗu daga mota ka neme shi ka rasa. Hayaƙin mai yana da shuɗi-shuɗi, yana da nauyi, yana ratayewa a iska ya bi layi, warinsa kuma irin na ƙaramin janareta ne da ake haɗa wa mai da fetur. Ka riƙe farar takarda kusa da bakin salansa na rabin minti, ka ajiye ta a rana. Idan ta bushe tas, ruwa ne. Idan ta bar tabo irin na takardar da aka naɗe ƙosai, mai ne.

Za ka ji ana cewa hayaƙin gasket yana da ƙamshi mai zaƙi-zaƙi. Gaskiya ne, amma ga motar da ake zuba wa ruwan sanyaya inji na galan, mai launin kore ko ja, don sinadarin gilaikol da ke ciki shi ne mai ƙamshin. Mu kuwa yawancinmu ruwan rijiya ko na leda muke ɗurawa. Tururin wannan ba shi da ƙamshin komai. Rashin jin ƙamshi bai wanke gasket ba.

Yanzu bari in gaya maka abin da ya sa labarinka ya yi mini kama da gasket. Injin Golf ɗinka gida biyu ne: bulok na baƙin ƙarfe a ƙasa, tof na alminiyam a sama, gasket a tsakani, ƙusoshi 10 sun matse su. Ta cikin gasket ɗin nan hanyar ruwa ta ratsa, hanyar mai ta ratsa, ga kuma bakin silinda huɗu inda wuta ke tashi, tsakaninsu ɗan siririn bango ne kawai. Alminiyam ya fi baƙin ƙarfe buɗewa idan ya ji zafi, kusan ninki biyu. Ranar da allurarka ta kai ja, tof ya kumbura ya danne gasket fiye da ƙima, wataƙila ma ya ɗan lanƙwashe. Da ya huce ya koma, gasket bai koma ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ba lallai a ga alama a ranar ba, tsagar takan yi makonni tana faɗaɗa, kamar yadda taka ta yi wata guda kafin hayaƙi ya bayyana.

Tsagar nan hanya ce mai zuwa da dawowa. Idan inji yana aiki, ƙarfin fashewar wuta a cikin silinda ya ninka matsin da ke cikin ruwa sau da yawa, domin matsin ruwan bai wuce bar 1.5 ba, ƙasa da iskar da mai faci ke sa wa tayarka. Don haka iskar wuta ce ke kutsawa cikin ruwa, sai a lokacin da fistin ke sauka yana shaƙar iska ne yake tsotso ɗan ruwa. Da ka kashe mota da dare, lamarin sai ya juye. Silinda ba ta da matsi, ruwa kuwa yana nan da zafinsa da matsinsa, sai ya yi ta tsattsafowa cikin silinda har gari ya waye. Da safe fulogin wannan silinda a jiƙe yake, ba ya kawo wuta, motar tana tafiya a kan uku, shi ne rawar da kake ji. Da ruwan ya ƙone ya fita, sai ta daidaita. Rawar safe, hayaƙin da ya fi yawa da safe, ruwan da ke ɓacewa, da zafin da ta taɓa yi, duk sun hau layi ɗaya.

Ga yadda za ka kama shi. Da safe, inji da sanyi ƙalau, ka matsa babban tiyon da ya tashi daga inji zuwa saman lagireto. Ya kamata ya lotsa a hannunka. Golf 3 ba ta da murfi a kan lagireto, murfin yana kan tankin robar nan mai kama da ƙwallo. Ka buɗe shi a hankali kana saurare. Idan ya yi tsaki mai ƙarfi bayan motar ta kwana, akwai iskar da ba ta da dalilin zama a wurin. Ka cika ruwa zuwa layi, ka bar murfin a buɗe, ka tayar da mota, ka zuba wa tankin ido. Akwai siririn tiyo da ke dawo da ruwa ta sama yana tsiyaya, wannan aikinsa ke nan, kada ya ruɗe ka. Abin da kake nema shi ne ƙwayoyin iska masu tasowa daga ƙasa ɗaya bayan ɗaya ba yankewa, suna ƙaruwa idan an taka totur, alhali ruwan ko ɗumi bai yi ba. Ruwan da bai yi zafi ba ba ya tafasa. Idan yana ɓulɓulowa, wani abu ne ke hura shi.

Idan kana shakka, ka samo balan-balan ko safar hannu ta roba irin ta asibiti, ka ɗaure a bakin tankin da kyauro, ka sake tayarwa. Idan ta miƙe ta cika cikin minti ɗaya ko biyu, magana ta kusa ƙarewa. Haka nan idan ka rufe murfin, tiyon nan ya yi tauri kamar taya tun inji bai yi zafi ba. Gargaɗi ɗaya, kuma da gaske nake: duk wannan da sanyin inji ake yi. Kada ka kuskura ka buɗe murfin nan mota da zafi. Ruwan da ke ciki yakan wuce digiri 100 bai tafasa ba saboda matsi, kana buɗewa zai yi tsiri ya wanke maka fuska da hannu. Na ga yaran gareji da tabon da ba ya gogewa saboda wannan.

Daga nan sai fulogi, kuma a wurina shi ne shaidar da ta fi kowace daɗin karantawa. A kwance duka huɗun, a jera su a kan kwali bisa tsarinsu, na ɗaya zuwa na huɗu, kada a cakuɗa. Fulogin tsohuwar mota mai lafiya bakinsa ruwan ƙasa ne ko toka-toka. Wanda mai ke jiƙawa baƙi ne mai maiƙo, ko ya tara ɓawon toka mai kauri. Wanda ruwa ke shigar wa kuwa fes yake fita. Na sha jera huɗu in ga uku da dauɗarsu ta shekara, ɗaya kuma fari sol kamar yanzu aka ciro shi daga kwali, wani lokaci da ɗigon ruwa yana reto a bakinsa, ko ɗan jan tsatsa a zarensa. Tururi ne ya wanke shi. Ka haska tocila ta ramin, za ka ga kan fistin ɗin ma yana ƙyalli, sauran uku baƙi ƙirin. Idan da safe aka yi, a cire wayar koyil da fiyus na famfon fetur, a shimfiɗa farin tsumma a kan ramukan, a buga sitata. Ramin da ya feso ruwa ya tona asirin kansa.

Mutane sun fi sanin gwajin murfin baƙin mai: a buɗe, idan an ga wani abu kamar shayi mai madara, a ce gasket ya ƙone. Ka duba, amma kada ka jingina da shi. Gasket yana iya tsagewa tsakanin ruwa da silinda kawai, mai kuma ya zauna garau. Sannan motar da ba ta yin doguwar tafiya, ko wadda aka cire wa tamostat, wato ɗan bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto idan inji ya yi zafi, takan tara irin wannan kumfa a ƙarƙashin murfi saboda raɓa, gasket ɗinta lafiya lau. Abin da ya fi ƙarfi shi ne man da ke jikin sanda ya canza launi, ko ka ga yana ƙaruwa ba ka ƙara ba.

Sauran aikin na gareji ne mai kayan gwaji, kuma ya cancanci ka nemi irinsa ko da zai kai ka Kaduna ko Kano. Akwai famfon hannu mai geji da ake ɗaurawa a bakin tankin ruwa, a hura shi zuwa wajen bar 1, a jira. Idan allura tana sauka, ruwa yana da mafita. A duba waje kaf. Idan ba inda ke ɗiga, ciki yake tafiya, kuma idan aka bar shi da matsi fulogi a kwance, za a ga ruwan ya taru a kan fistin. Akwai kuma wani shuɗin ruwa da ake sakawa a bututun gilashi a ɗora a bakin tankin, a zuƙo iskar da ke saman ruwa ta ratsa shi. Idan akwai hayaƙin ƙonewa a ciki, shuɗin nan sai ya koma rawaya a gabanka. Wannan gwaji ba ya cin minti goma, kuma idan ya juya babu sauran musu. Sai gejin kwamfureshan, mai auna matsin da ke cikin kowace silinda. A injin Golf irin naka, silinda mai lafiya takan ba da bar 10 zuwa 13. Ba lambar kaɗai ake kallo ba, bambancin da ke tsakaninsu ake kallo. Biyu maƙwabtan juna sun faɗi tare, gasket ya yanke a tsakaninsu. Ɗaya ta faɗi, aka ɗiga mata cokalin baƙin mai ta ramin fulogi sai ta tashi, ringi ne. Ba ta tashi ba, bawul ne ko gasket. Amma ka sani ƙaramar tsaga takan wuce gwajin kwamfureshan ba a gan ta ba, shi ya sa ba a tsayawa a kansa shi kaɗai.

Dole in yi wa makaniken da ya ce ringi adalci, domin akwai hanyar da zai iya zama da gaskiya. Tsohuwar mota tana iya ɗaukar ciwo biyu a lokaci guda: ruwa yana zuba ta waje, mai yana ƙonewa ta ciki, kai kuma ka haɗa su ka ɗauka abu ɗaya ne. Golf 3 tana da wuraren yoyo da muka sani. Akwai mahaɗar tiyo ta roba da ke manne a jikin tof, takan tsufa ta tsage, ruwan ya ɗiga a kan inji mai zafi ya bushe bai kai ƙasa ba. Akwai famfon ruwa. Akwai ƙaramin lagireton hita da ke bayan dashbod, wanda idan ya fashe za ka ji kafet ɗin gaba a jiƙe. Ka nemi farin ɓawo ko jan layin tsatsa a waɗannan wurare. Idan ka same shi, takardarka kuma ta nuna maiƙo, sanda ta nuna mai yana raguwa, to maganar ta koma wajen mai.

Ko a nan ma ba kowane hayaƙin mai ne ringi ba. Idan motar tana tuttuɗo hayaƙi da zarar an tayar da ita, ko bayan ta daɗe a tsaye cikin cunkoso, ko bayan ka gangaro ka sake taka totur, sannan ya ragu, to robobin bawul ne suka bushe. Aikinsu a sama yake, ba ya bukatar sauke inji. Ringi kuwa hayaƙinsa yana ƙaruwa ne da nauyi, ka ɗauki fasinja ka hau tudu ka ga baya ya turnuƙe, motar ba ta da ƙarfi, idan ka buɗe murfin mai inji yana aiki sai ka ji yana huci kamar tukunya. Kafin a kai ga wannan ma a duba tiyon numfashin inji ko ya toshe, a kuma duba ko an cika mai ya wuce layi a sabis ɗin ƙarshe. Ringi ba ya shan ruwa. Duk wanda ya ce maka ringi ne, ka tambaye shi ina ruwanka yake tafiya.

Akwai wasu dalilai biyu da ba kasafai ake tunawa da su ba, zan faɗe su saboda masu karatu da ke da wasu motocin. An taɓa jawo mini wata Marsandi 230E otomatik, an riga an sauke mata tof sau biyu a wani gareji, hayaƙi kuma fari fat kamar ana ƙona ciyawa ɗanya. Mai ita ya gaji, har ya fara cigiyar wani injin. Na tambaye shi me yake ƙarawa, ya ce ruwa ba ya raguwa, man giya ne dai yake saye kusan kowane mako, ya ɗauka giyar ce ke yoyo. Na bi wani siririn bututu da ya tashi daga manifol, wato bututun da inji ke shaƙar iska ta cikinsa, ya gangara jikin giya, na zare shi. Jan mai ya ɗigo mini a tafin hannu. Tsofaffin giyoyin otomatik irin wannan suna da wani ɗan gwangwani mai faifan roba a ciki, wanda zuƙar inji ke ja don daidaita canjin giya. Robar ta yage, inji yana tsotsar man giya yana ƙonawa. Abin da aka canza bai kai girman gwangwanin tumatir ba. Na biyun shi ne man birki: idan robar bayan masta, wato famfon birki, ta mutu, man yana zubewa cikin bustar birki, inji ya zuƙe shi ta tiyo. Hayaƙinsa fari ne mai yaji a hanci, man birki yana raguwa ba a ganin jiƙa a ƙafafu. Wannan kam a ajiye mota nan take, don rai ne a ciki.

Masu motocin gas, irin su J5 da Hiace da Canter, lissafinsu ya ɗan bambanta. Farin hayaƙi mai sa hawaye da warin ɗanyen gas, man da bai ƙone ba ne: hita, wato fulogin ɗumama silinda, ta mutu, nozul mai fesa gas yana ɗiga, taimin ɗin famfo ya yi baya, ko kwamfureshan ya yi ƙasa. A fara da waɗannan kafin a taɓa tof.

Mu dawo kan taka. Idan gwaji ya nuna gasket, ina roƙonka ka ajiye ta, kada ka ce bari in ƙara sati ɗaya in tara kuɗin gyara. Na san abincin gida a jikinta yake, ban raina wannan ba. Amma ruwa ba ya matsuwa kamar iska. Ranar da ya taru da yawa cikin silinda da dare, ka buga sitata da safe, fistin zai taso ya tarar da bango, sandar da ke riƙe da shi ta lanƙwashe, wani lokaci ta ɓalle ta huda bulok. Ruwan da ya gangara cikin mai kuma yana cinye metal, wato ƙarafan da kiranshaf ke juyawa a kansu. Gyaran kwana biyu sai ya koma sayen inji. Ɗanyen ƙwai da magungunan kwalba da ake zubawa a lagireto ba sa tsayawa a gaban wutar silinda, abin da suka fi iyawa shi ne toshe ƙananan hanyoyin lagireton.

Wajen gyaran, ka tsaya a kan abubuwa kaɗan ko da za a ce ka cika naci. Idan an sauke tof, a nuna maka inda gasket ya yanke, yawanci za ka ga baƙin layi ko tsatsa ya ratsa zoben ƙarfen da ke kewaye da silinda. Idan gasket ya fito lafiya, to a nemi tsaga a tof, musamman tsakanin mazaunin bawul biyu, kada a mayar a rufe. A ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar tof, a tsaye da a karkace, a gwada zura filla geji, wato siraran ƙarafan auna tazara, a ƙarƙashi. A injin nan, lanƙwasar da ta wuce milimita 0.1 sai an kai wa masu gogar tof. A goge fuskar bulok tas, a busar da ramukan ƙusoshi, domin ruwa ko mai da ya kwanta a ramin yana iya tsaga bulok idan an ɗaure. Gasket ɗaya ake sakawa, mai kyau, a bushe, ba gam. Masu ninka biyu ko su shafe shi da gam suna sayar maka da wata uku ne kawai. Ƙusoshin tof na Golf irin masu miƙewa ne idan an ɗaure su, don haka sababbi ake so. Ɗaurinsu daga tsakiya ake farawa a yi waje, da sifana mai auna ƙarfi: a injin 1.8, 40, sannan 60 a ma'aunin Nm, sannan kwatan zagaye sau biyu. Wanda ya ce hannunsa ya san ɗauri, ya sa bututu a sifana ya haye, shi ne zai dawo da kai. A zubar da man da ke ciki, a canza filta, tunda kuma bel ɗin taimin ya riga ya sauka, a duba shi da kyau.

Ga masu Fijo 504, wadda aka yi shekaru ana harhaɗawa a Kaduna, akwai ƙarin kula: hannun silindarta zarewa yake, ruwa yana kewaye da shi kai tsaye. Idan tof yana ƙasa aka juya inji ba a danne su ba, sai su motsa daga mazauninsu, ruwa ya riƙa gangarawa cikin mai bayan an gama aiki.

Sai tambayar da aka fi tsallakewa: me ya sa ta yi zafi tun farko? Ruwa ba ya tsami banza. Gasket ba shi ne ya fara ciwon ba, shi ne ya kwashi dukan. Idan ba a gano mafarin ba, sabon ma zai bi sahun tsohon. A duba fanka tana tashi da kanta idan zafi ya wuce 90, a duba suwic ɗinta da ke jikin lagireto da fiyus ɗinta. A taɓa fuskar lagireto bayan an kashe mota, idan wani sashe da zafi wani da sanyi, ya toshe da ɓawon ruwan rijiya, a wanke ko a canza. A duba fuka-fukan famfon ruwa, don tsatsa takan cinye su. Murfin tankin ma a canza shi, domin idan ba ya riƙe matsi ruwa zai tafasa a digiri 100 maimakon wajen 120, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Tamostat kuma a mayar da shi. Na san an saba cewa na ƙasar sanyi ne, ana cire shi tun motar tana sauka daga Kwatano. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan. A injin nan yana fara buɗewa ne a wajen digiri 85, idan ya buɗe kuma yana rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji, ya tilasta masa bi ta lagireto. Ka cire shi, wani kason ruwan yana zagayawa ne bai ga lagireto ba, da safe kuma inji yana daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, yana shan mai yana cin ringi. Ka zuba ruwan sanyaya inji na gaske, idan mai kauri ne a haɗa shi rabi da rabi da tataccen ruwa irin na batir, domin shi ne ke hana alminiyam ɗin tof rubewa a gefen gasket.

Bayan an gama, kada ka tsorata idan ta ci gaba da ɗan hayaƙi a tafiyar farko, ruwan da ya kwanta a tukunyar salansa ne yake ƙonewa, zuwa Funtuwa da dawowa ya isa ya busar da shi. Ka sake jan layinka da biro a jikin tanki. Kwana na farko ruwan zai iya ɗan sauka saboda iskar da ta maƙale tana fita, ka cika. Daga kwana na uku ya kamata ya tsaya cak a kan layin. Idan bai tsaya ba, ka rubuto mini da abin da fulogi huɗun suka nuna da lambobin kwamfureshan, mu sake dubawa tare, in sha Allahu.